Kawun Mawande a Ɗaki Na Tara

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambaya ko dangin Mawande sun zo neman aurena, ku gyara zama. Ba su zo ba. Kuma kafin wani ya ɗora wa bawan Allahn nan laifi, gara ku ji daga bakina: ni ce na riƙe shugaban tawagarsu, na ƙwace masa alewa, na kuma kulle takalminsa a kabad.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Yolisa Mdingi, shekarata ashirin da tara, nas ce ni a wani gidan kula da tsofaffi na coci a nan garin Komani. Mutum arba'in da shida ne a hannunmu. Wata uku da suka wuce shugabar gidan, wata Baturiya mai suna Misis Lategan, ta kira ni ofis ta miƙo mini tarin makullai, ta ce za a gwada ni a matsayin mataimakiyarta. Ita za ta ji da takardu da kwamitin coci, ni kuwa duk abin da ya shafi jikin mutum nawa ne: magani, gyambo, wanda ya faɗi a banɗaki, wanda ya daina cin abinci, da ma'aikata goma sha ɗaya da zan riƙa raba wa aiki, biyar cikinsu sun isa su haife ni.

Ranar na koma gidanmu a unguwar Mlungisi da farar rigata mai jan tambari a kafaɗa da wando ruwan bula, ina jin kaina har sama. Mama na zaune a kujerar falon nan da shekara shida ke nan ta ƙi cire mata leda, tana tsince waken da za ta haɗa da masara. Ta dubi makullan da ke lilo a ƙuguna, ta ce na yi kama da mai gadin kurkuku. Ta ce wasiƙar dangin Mawande ta iso hannun baffana, an sa ranar zuwansu, kuma babu gidan da ke son suruka mai aikin Asabar da Lahadi, wadda ta saba ba manya umarni. In mayar wa Baturiya makullanta tun kafin labari ya kai ƙauyensu. Tun daga ranar kullum da safe sai na tarar da saƙonta a waya, alhali ɗakinta na jikin nawa: "Yoli, kin mayar?"

Mawande kuwa direban motar gawa ne. A wurin aiki muka haɗu, ba sai na faɗa muku abin da ya kawo shi ba. Dogo ne, mai sanyin murya, in yana magana sai ka ɗauka ta'aziyya yake yi maka ko da farashin tumatir yake tambaya. Farkon da ya fara zuwa wurina lokacin hutun rana, a ƙofar gida yake ajiye doguwar baƙar motar nan, sai ka ga tsofaffin da ke shan hantsi sun fara waige-waige suna duba wa ya ɓace a cikinsu. Misis Lategan ta kafa masa doka. Yanzu bayan shagon mahauta yake ajiye ta, ya ƙaraso da ƙafa, duk ranar Alhamis, da ledar fanke mai zafi a hannu.

To, wata Litinin Misis Lategan ta tafi birnin Gqeberha, 'yarta ta haihu, ta bar mini gidan na sati biyu. Motarta ba ta kai kwana ba wata tsohuwar a-kori-kura ta sauke wani dattijo a ƙofa. Malafa a kai, kwat mai kauri, sanda mai ƙulu, akwatin ƙarfe, da takalmi baƙi da ya sha goga har yana ɗaukar ido. Ya miƙo mini takarda daga asibitin ƙauyensu, can wajen garin Cala, ana roƙon mu riƙe shi sati biyu a kula masa da ƙafa. Sunansa Velile Mabandla, makiyayin tumaki, shekara tamanin da ɗaya, muna ce masa Tata, yadda muke kiran uba ko dattijo. Muna da gado a ɗaki na tara, na karɓe shi.

Na zaunar da shi zan yi masa tambayoyin da muke yi wa kowane sabon shiga. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya tambaye ni zuriyar mahaifina. Ya tambaye ni ko na iya dafa masara da wake ba tare da na ƙona gindin tukunya ba, ƙarfe nawa nake tashi, kuma ko na taɓa shan giya. Na amsa biyu don ladabi, sannan na rubuta a fayil ɗinsa cewa akwai alamar ruɗewa, a sa ido.

Da na ce ya cire takalmi ya ƙi. Ya ce mace ba ta ga ƙafarsa ba tun rasuwar matarsa. Na durƙusa a gabansa zan kwance igiyar da kaina, sai na ga fuskarsa ta washe, yana gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa albishir. Ni dai na zare takalmin. Jama'a, babban yatsansa shuɗi ne. Ba shuɗin ciwo ba, shuɗin fenti. Maganin da ake fesa wa tumaki in waya ta yanke su, shi ya yi wata biyu yana fesa wa gyambon da ke ƙarƙashin yatsan. Na goge, na ga zurfinsa. Na auna sukarinsa, ashirin da uku, abin da bai kamata ya haura goma ba.

Na kira likitanmu ya zo da yamma. Ya ce da an ƙara sati guda, yatsan ya tafi, wataƙila har da ƙafar. Allurar sukari a fatar ciki safe da yamma, wankin ciwo kullum, kuma kada ƙafar ta sake shiga rufaffen takalmi sai ta warke. Na buɗe akwatin ƙarfen na fito da gwangwanin maganin tumaki, da ƙullin alewar na'ana'a da zai ishi 'yan makaranta aji guda. Na haɗa da takalmin na kai kabad na murza makulli.

"Yarinya," ya ce, "ba a koya miki sunkuyar da kai gaban manya ba?"

"An koya mini, Tata. Amma in na sunkuyar ba zan ga ko ka haɗiye ƙwayar ba. Buɗe bakin."

Kwana uku ya gasa mini aya a hannu. Ya mayar da shayi sau biyar a safiya ɗaya, ya ce sai wanda Sista, wato ni, ta haɗa da hannunta. Ya jefar da malafarsa ƙasa da gangan don ya ga ko zan ɗauka da hannu biyu. Sis' Phumza, wadda ta fi kowa daɗewa cikin ma'aikata, ta zo ta same ni ta ce ko dai in sauya mata ɗakin da take kula da shi ko ta shaƙe shi da filo. Na sauya mata ɗaki.

Wadda ta yi maganinsa ita ce Mis Dlova. Shekararta saba'in da takwas, tsohuwar shugabar makaranta, ba ta taɓa aure ba, ƙanenta ɗaya tilo ya rasu bara waccan. Kullum cikin siket mai guga da rigar sanyi ruwan toka take, da tabarau a rataye da sarƙa. Ita ce shugabar mazauna gidan, kuma duk sanarwar da na manna a allo sai na dawo na tarar ta gyara mini rubutu da jan biro. Ran Laraba a teburin kumallo, yana cikin ɗaga murya wai kunun ba gishiri, ta ajiye cokalinta ta ce masa ta koyar da yara dubu huɗu, kuma ko a cikinsu ba ta ga mai fitina kamarsa ba. Ya ci abincinsa ya bar yarinya ta yi aikinta. Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya cinye tas. Da hantsi na hango shi ya ja kujerarsa kusa da tata, yana yi mata bayanin yadda ake gane tunkiya mai ciki.

Sai Alhamis ta zo.

Mawande ya shigo ta ƙofar baya da ledar fankensa. Ni kuma a lokacin ina durƙushe a baranda, ƙafar Tata Velile a kan cinyata bisa tawul, ina naɗa bandeji ina yi masa faɗa don na kama alewa ɗaya a cikin safarsa. Na ji ledar ta faɗi. Na ɗaga kai na ga Mawande ya cire hularsa, ya rusuna.

"Kawu?"

Dattijon ko gezau. Ya gyara zaman malafarsa ya ce, "Kai ka ce ka sami mata. Na zo in gani da idona."

Wannan shi ne yayan mahaifiyar Mawande, wanda ya raine shi, wanda zai jagoranci masu zuwa gidanmu. Sunan gidansu daban ne, kuma Mawande bai taɓa kiransa da komai ba sai Kawu. Dattijon a gida ya ce musu zai je kasuwar tumaki. Ni kuwa ina nan riƙe da ƙafarsa, komai yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya: na ɗage masa riga na soka masa allura a ciki sau shida, na ce masa buɗe bakin, na rubuta da hannuna cewa ya ruɗe. Na rasa ko in saki ƙafar ko in ci gaba. Na ƙarasa naɗin, don bandeji ba a barinsa rabi.

Tata Velile ya ce tunda asiri ya tonu, abin da ya kawo shi ya ƙare. A ba shi takalminsa, motar yamma zai bi, akwai shirin zuwa gidanmu ranar Asabar ta sama. Na ce masa ƙafar ba ta isa tafiya ba. Ya ce ba da Sista yake magana ba, da wadda ke son shiga gidansu yake, kuma amarya ba ta musu da kawun miji. In takalmi bai fito ba, to, babu wanda zai tsaya a ƙofar gidan Mdingi.

Mawande ya bi ni har ɗakin magani yana murza hula, yana raɗa mini cewa in yi haƙuri in ba shi, shi da kansa zai riƙa kai shi asibitin ƙauye. Na tambaye shi da wace motar. Ta gawar? Ban san lokacin da ya tura wa wata gwaggonsa saƙo ba, ita ta kira matar fasto, matar fasto ta kira Mama. Cikin minti ashirin wayata ta fara rawa a aljihu.

"Yoli ba wa mutumin nan takalminsa."

"Yoli ina ganin kin karanta."

"Ƙafarsa ce ko taki?"

"Shekararki 29."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na zauna a kan kwalin safar hannu na yi kuka kaɗan. Ina son Mawande. Mutum ne da ko ƙofa ba ya bugawa da ƙarfi, wanda ya taɓa jirana awa uku a rana saboda wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana cikawa, kuma da na fito bai tambaye ni komai ba. Amma na ga abin da ke ƙarƙashin yatsan nan. In na sallame shi da murmushi, nan da wata guda a keken guragu za a turo shi wurin bikina. Kuma ba ni da ikon tsare shi. Mai hankalinsa ne, duk da abin da na rubuta. Na share ido, na buɗe kabad, na ɗauko takalmin da takardar da mutum ke sa wa hannu in ya ƙi magani.

Na ajiye takalmin a gabansa. Na tambaye shi ko in yi magana gaban mutane ko mu shiga ciki, ya ce ba shi da abin ɓoyewa. Sai na karanta masa takardar da harshenmu, layi-layi, ban tausasa ko kalma ɗaya ba: ruɓa, yanka, daga ina likita zai fara, har ina zai iya kaiwa.

"Tata, ran da na shiga gidanku, ka aike ni rafi sau goma, zan je. A nan gidan kuwa ni aka bar wa ƙafarka. Ga takalmi, ga biro. Amma ba zan ce maka ka warke ba."

Ya karɓi biron. Mawande ya rufe ido. Mis Dlova, wadda duk abin nan tana gefe tana cike gurbin kalmomi a jarida, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Velile, ni ba na yawo da gurgu. Ka ce za ka raka ni lambu ran Lahadi."

Ya dubi takardar, ya dube ta. Sannan ya miƙo mini biron, ya ce a mayar da takalmin inda yake, amma a sani shi ba don maganar kowa ya zauna ba. Kuma tunda Sista ta fi kowa sani, to, maganar aure sai ƙafa ta warke.

Mama ta yi kwana tara ba ta yi mini magana da baki ba, sai ta waya. Ta ce na zama mace ta farko a tarihin Mlungisi da ta kwantar da aurenta a asibiti. Misis Lategan ta dawo, ta karanta fayil ɗin ɗaki na tara tun daga farko, ta cire tabarau ta yi dariya har da tari. Ta ce in soke maganar ruɗewar nan in sa hannu a gefe. Sannan ta ce za ta gaya wa kwamiti ba sai an jira ƙarshen gwaji ba, kujerar tawa ce. Na kai wa Mama labari, ta ce to sai in auri kujerar.

Sati biyu suka zama shida. Gyambon ya cike, sukari ya sauko, Tata Velile ya koyi yi wa kansa allura don Mis Dlova ta ce namijin da ke yi wa tumaki ɗari allura bai kamata ya tsaya jiran yarinya ba. Ranar da likita ya ce ya warke, na kai masa takalminsa da kaina, da hannu biyu. Ya saka, ya taka, ya ce shi fa ba inda za shi tukuna, kuma yana son ganina a ofis tare da Misis Lategan.

Ya zauna ya ɗora malafa a gwiwa, ya ce ya ga abin da ya zo gani, yarinyar tana da taurin kai amma ba ta ƙarya, ɗansu zai iya aurenta. Na buɗe baki zan yi godiya. Sai ya ci gaba da cewa sai dai ba a yi wa yaro aure babba na zaune ba mata. Shi zai fara. Mis Dlova yake so.

Misis Lategan ta dube ni ta ce wannan ya shafi lafiyar mazauna, don haka ɓangarena ne, ta ɗauki jakarta ta ce tana da taro.

Dole na bi ƙa'ida. Na zaunar da Mis Dlova ni da ita don in tabbatar da hankalinta take wannan shawara kuma ba wanda ya matsa mata. Na tambaye ta yau wace rana, ta faɗa mini har da awa. Na ce ta rage bakwai-bakwai daga ɗari, ta sauko har biyu, ta tambaye ni ko ta ci gaba har ƙasa da sifili. Na tambaye ta ko ta san tumaki da sanyin Cala. Ta ce ba inda za ta, shi ne zai bar wa 'ya'yansa garken ya dawo nan, sun riga sun zaɓi ɗakin ma'aurata mai kallon lambu. Ta karɓi takardar ta gyara mini kalma biyu, ta sa hannu.

Sannan ta ce saura abu ɗaya. Ita ba za a ɗauke ta kamar buhun masara ba, sai an zo an nemi aurenta yadda ake neman na kowace 'ya. Na tuna mata a hankali cewa gurbin dangi a fayil ɗinta babu kowa. Ta ce ta sani, shi ya sa ta cike shi jiya. Ta turo mini fayil ɗin. Sunana ne a wurin, da jan biro.

"Mis Dlova, ni fa mace ce, kuma a haife kin yi jika da ni."

"Ke ce mai makullan gidan nan. Wurinki za su zo."

Shi kuma ango ba ya nema wa kansa aure, sai ya wakilta namiji daga danginsa. Namijin da ya fi kusa, mai kwat a goge ko da yaushe, kun san ko wane ne.

Asabar ɗin da ta wuce, ƙarfe goma na safe, aka jera kujeru a ɗakin cin abinci. Duk wanda zai iya zama an turo shi. Sis' Phumza ta samo mini wata kwat ta maza a kayan da aka bari, ta yafa mini a kan farar rigata, hannuwan sun rufe mini yatsu. Mama, wadda ta rantse ba za ta taka wurin wannan abin kunya ba, tana layin gaba da ɗankwalinta na coci da kular abinci a cinya. Mis Dlova na zaune a bayana cikin shuɗiyar atamfa, ta yafa bargo a kafaɗa, kanta a sunkuye kamar 'yar shekara ashirin.

Daga ƙofar waje muka jiyo muryar Mawande, shi da wasu dattawa biyu, cikin baƙar kwat ɗinsa ta aiki, yana kiran sunayen zuriyar Dlova ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a buɗe musu. Muryar nan tasa mai sanyi, yau dole ta sa ya ɗaga ta. Wayata ta yi ƙara a aljihun kwat. Shi ne: "Yoli don Allah. Rana ta yi zafi. Mutane sun taru suna kallo."

Na yunƙura zan ce a buɗe. Sai na ji yatsu masu sanyi sun riƙe mini gwiwar hannu ta baya.

"Zauna, Baba," in ji Mis Dlova, kanta na sunkuye. "Shekara saba'in da takwas na yi ina jira. Su ma su ɗan tsaya."